Tafki a Saman Shagon Nafiou

Ranar da ruwan sama ya sauka a Deira, unguwar 'yan kasuwa a wani birnin Larabawa, cikin sanyin shekarar 2006, rayuwar Nafiou ta canja. Ruwan bai kai yayyafin farkon damina a Maradi ba, amma ya tarar da rufin da ba a taɓa tambayarsa komai ba. Ya bi tsaga ya sauko kan dilar leshi.

Nafiou malamin makaranta ne a da, ya koyar da Faransanci har ya gaji, ya koma sayar da leshi da shadda a hawan ƙarshe na wani tsohon bene. Tun rasuwar matarsa Sadia, hirarsa da littattafai ce kawai, don su ba sa ce masa ya yi haƙuri. Ya kira mai gidan a waya, mai gidan ya ce ruwa daga Allah ne. Nafiou ya yarda da haka, sai dai ya ce tsagar ba daga can take ba.

Da ya sauko ƙasa sai ya ga wani gajeren mutum mai gashin baki a tsakiyar titi, sharkaf, yana kallon saman gine-gine yana murmushi. A duk Deira shi kaɗai ke murna. Sunansa Anselmo, ɗan ƙasar Kolombiya, sana'arsa gyaran rufi. Aikin wani babban otal ya kawo shi, aikin ya ƙare, ya zauna ya buɗe ɗan kamfaninsa tare da ƙaninsa Wilmer da wasu 'yan ƙasarsu da suka biyo shi. Nafiou ya ce masa ya yi dabara ƙwarai, ya zo sayar da lema a hamada.

Washegari Anselmo da mutanensa suka fara aiki a rufin shagon Nafiou. Suka kankare rufin, suka cike tsagogi, suka shimfiɗa baƙar leda mai kwalta suna bin ta da wuta har ta manne. Nafiou ya hau don ya sa musu ido, kamar yadda ya ce, kuma kullum la'asar sai a gan shi can da butar shayi. Anselmo ya ce wannan ba shayi ba ne, sukari ne da aka jiƙa. Nafiou ya ɗanɗana kofin Anselmo ya tambaya wace cuta yake magani. Ɗaya na Faransanci, ɗaya na Sifaniyanci, inda suka kasa haɗuwa su cike da Larabcin kasuwa. A haka suka yi gardama kan ƙwallo, kan marubuta, kan ko akuya ta fi alade hankali. Wilmer ya ce bai taɓa ganin mutum biyu da ba sa jin juna suna saɓani haka ba.

A nan ne Nafiou ya ji gaskiyar lamarin. Manyan ayyuka na manyan kamfanoni ne, ƙananan mutane kuwa ba sa tuna rufi sai ranar da ya zubo musu. Lasisin Anselmo zai ƙare da ƙarewar sanyi. In bai sami aiki ba zai rufe, bizar mutanensa ta mutu tare da kamfanin, kowa ya koma gida.

Nafiou ya ɗauke shi shago-shago. Suka je wajen Alhaji Salmanu mai sito uku, suka je wajen Hajiya Barira mai atamfa, suka je wajen Idris na kargo. Kowa ya karɓe su da fara'a, ya ba su lemo, ya ce inshallah. Alhaji Salmanu ne kaɗai ya faɗi abin da ke ransa.

"Malam Nafiou, ruwan nan fa ya wuce, sai baɗi in da rai. Kuma wannan bawan Allah, wa ya san shi? Wa ya tsaya masa?"

"Ni."

"Da baki?"

Nafiou ya san ƙa'idar. A cikinsu ba a ba baƙo aiki don takardar da ya nuna. Sai wani nasu ya sa abinsa a gaba.

Da aikin ya kammala, Anselmo ya ce saura gwaji: za su toshe indararo, su cika rufin da ruwa, su bar shi ya kwana biyu a gani. Ya ce a kwashe kaya daga ƙasa, haka ake yi. Nafiou ya ce to. Sai ya sa aka jero shaddarsa mafi tsada a kantar sama, daidai inda tsagar take a da, kuma aka cire mata leda. Anselmo ya roƙe shi da Sifaniyanci, ya roƙe shi da Larabci, ya kira sunayen waliyyan garinsu. Nafiou ya ce khalas, magana ta ƙare, ya kulle shago.

Ran Juma'a bayan masallaci ya gayyaci 'yan kasuwar cin abinci. Aka shimfiɗa darduma a tsakiyar shagon, aka ci dambu da kilishi, aka yi gulmar farashin kwantena. Da aka gama ya ce su hau sama su sha iska.

Suka tarar da tafki. Ruwa daga bango zuwa bango, ya kai idon sawu, tantabaru suna sha a gefe. Anselmo na tsaye a ciki, wando a naɗe, fuskarsa kamar wanda ke jiran alƙali.

Hajiya Barira ta dubi ruwan, ta dubi ƙasan ƙafarta.

"Yanzu a ƙarƙashin wannan muka zauna muka ci abinci?"

"Tun shekaranjiya yake nan, Hajiya."

"Da shaddar a buɗe?"

"A buɗe."

"Wallahi, Malam, kana bukatar mata."

Alhaji Salmanu ya nufi matakala. Ya sauka, ya hau kujera da girmansa, ya shafa silin da tafin hannu, ya shafa shaddar, ya shinshina. Ya dawo yana haki ya tambayi Anselmo yaushe zai zo ya ga sitonsa. Idris ya ce ai shi ya riga tambaya, alhali bai buɗe baki ba.

Lasisin bai mutu ba. Daga sito uku aka koma benayen Al Muraqqabat, daga nan gidajen Al Nahda, don Hausawa in sun yarda da mutum har surukansu suke kai shi. Anselmo ya ƙara ma'aikata, ya sayi mota mai sunansa a jiki. Duk lokacin da ya bi ta Deira sai ya danna hon, ya leƙo da waya a kunne, ya ce, "Habibi, gobe zan zo shan sukarin nan." Nafiou ya ɗaga masa hannu, ya hau sama da butarsa.

Rufin bai sake zuba ba, ko sau ɗaya. Nafiou yana alfahari da haka, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya. Abu ɗaya ne bai taɓa samun faɗa wa Anselmo ba, don motar ba ta tsayawa: da ya bar masa 'yar tsaga ƙarama a wani lungu, wadda za ta riƙa dawo da shi.