Mu Rufe Idanu

A cocin nan, in kana son labarinka ya zaga gari kafin a sauke tukunyar rana, ba sai ka kai shi kasuwa ba. Ka ce a sa ka a addu'a kawai. Dattijon da ke jan addu'ar Lahadi, wanda matasa suka laƙaba wa suna Lasifika, ba ya gulma, Allah ya kiyaye! Shi rahoto yake kai wa Ubangiji, da sunan mutum da unguwarsu da inda abin ya faru, sai ka ce Mahaliccin baƙo ne a garin.

Wata mai ɗinki 'yar cocin ta san haka sarai. Amma ran da matar Lasifika ta zo gwajin riga, murna ta sa bakin mai ɗinkin ya suɓuce. Mijinta direba, wanda giya ta raba da aikinsa ta kuma raba shi da coci shekara da shekaru, ya daina sha, har ya ce zai zo sujada ran Lahadi.

"Don Allah, Mama, ki bar shi a cikinki," in ji ta, tana kafa fil a hammatar rigar. "Mutum ne mai kunya. Ko kallon banza aka yi masa, ba zai sake tako ƙofar nan ba."

"Haba 'yata! Daga ni sai Allah."

Ran Lahadi mai ɗinkin ta goge wa mijinta farar rigarsa har wuyan ya yi ƙyalli. Ya laɓa a bencin ƙarshe, dab da ƙofa, yana ta murza hularsa. Ita kuwa tana gaba cikin mawaƙa, daɗi kamar ya kashe ta, har tana kuskuren baiti.

Sai Lasifika ya miƙe, ya gyara murya. "Mu sunkuyar da kai, mu rufe idanu."

Ta rufe nata gam, baiwar Allah. Ya yi wa marasa lafiya addu'a, ya yi wa rufin coci mai yoyo, sannan ya sassauta murya irin ta mai shirin kuka.

"Ya Uba, ga ɓataccen ɗanka can a bencin baya, kusa da ƙofa, mai farar riga. Kai ka san yadda kwalba ta mai da shi abin dariya. Ka san ran da aka tsamo shi daga kwata a bayan tasha. Ka san yadda aka karɓe makullin mota a hannunsa gaban yaransa."

"Amin!" in ji jama'a, da irin ƙarfin da rufin coci bai samu ba.

Mai ɗinkin ta so ta ɗaga kai, amma tun tana ƙarama aka koya mata ba a buɗe ido ana magana da Allah. Ta ƙara matse idanun, hawaye na tsiyaya, tana tata addu'ar a zuci: ya Yesu, ka toshe masa kunne, ka riƙe min shi a bencin nan.

Lasifika bai gaji ba, sai da ya biyo ta kan bashin da ake bin direban da hawayen matarsa ta kirki, kana ya sauka cikin sunan Yesu.

Ta buɗe ido. Bencin baya wayam, sai hular a ƙasa.

Matar da ke gefenta ta dafa ta. "Sannu, 'yar'uwa. Ai tun wajen kwata ya tashi."

"A'a, wajen makulli ne," in ji mai ganga. "Sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallonki, ko za ki ɗago."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk cocin nan, har fasto, ba wanda bai ga fitarsa ba sai ita.