Rabin Ganga

Wa za a ce ya kashe wuta, alhali babu wanda ya zuba mata ruwa? Idrissou ya daɗe yana juya tambayar nan, bai sami inda zai ajiye ta ba.

Tun zamanin mahaifinsa babbar gangar ƙarfen nan ke dafa wa layinsu na Zongo ruwa. Kowane gida ya kawo itace da safe, ya koma da bokitin ruwan zafi. Sai gas ya shigo, butar lantarki ta biyo baya, gidaje suka riƙa janyewa, kowa da gaskiyarsa. Ganga kuwa ba ta san an ragu ba. Ko rabi aka zuba mata, ƙarfen sama ke shanye zafin.

Boureima mai walda ya taka birkin babur a bakin rumfa.

"Kawu, har yanzu lallashin giwar nan kake yi? Kawo ta shagona a Akpakpa in raba maka ita biyu. Ɗan itacen nan zai tafasa rabi."

"In suka dawo fa? Rabi zai ishi layi?"

"Su wa? Ni kaina gas ne a gidana."

"To Allah ya kiyaye hanya. Ba a yanka ta ina numfashi."

Da hantsi sai ga Inna Latifatou da bokiti. Jikarta Safwana ta haihu shekaranjiya, ɗakinsu ko lantarki babu. Ta tara hannu a famfon gangar, ta bar shi a wurin, tana kallonsa.

"Idrissou, da wannan zan gasa mai jego? Sanyi kake so ya shige ta?"

"Itacen ne ya kasa, Inna."

"Ni dai na kawo nawa."

Ta kawo ɗin, kamar kullum. Waɗanda suka tafi ba su ci amanar kowa ba, amma ga shi a jikin yarinya mai ɗanyen jego tafiyarsu ta sauka. Ya dubi ƙofofin layin. Babu wadda ta motsa.

"Yi haƙuri da wannan, Inna. Na yamma sai kin surka."

Ya janye sauran itacen, ya turbuɗe su a yashi. Ya saki famfo, ruwa ya bi kwata. Da ƙarfen ya huce, ya kwantar da gangar, ya kira mai amalanke.

"Ina muka nufa, Baba?"

"Akpakpa. Ka bi da ita a hankali a kan gada."