Kwanan Yashi a Bayan Croydon

Malam Wahid ne ya fara hango wurin, tun motar ba ta rage gudu ba. 'Yarsa Mufeeda na tuƙi, mijinta Nuruddeen yana ta shafa waya yana neman inda mutane ke lallaɓawa su kafa tanti a daji. Shi kuwa tsohon ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Tsaya nan."

Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana kora shanu a ƙafa daga Gusau har Ikko. Bai taɓa zama a aji ba. Ya kwana kura na kuka a kansa, zazzaɓi ya kwashe abokan tafiyarsa ya bar shi tsaye. Amma da ya zo London, don ya hau bas a Lewisham sau ɗaya tak ya ɓace a Croydon, sai Mufeeda ta karɓe katin bas ɗinsa ta jefa a jakarta. Tun daga nan, daga ɗaki sai taga.

Da ya ji suna shirin kwanan daji, sai ya gindaya sharaɗi. Zai nemo musu makwanci ba tare da waya ba, ita kuma ta mayar masa da katinsa. Ta ce, "To, Baba."

Rana na shirin faɗuwa suka kutsa ta wata kafa a jikin shinge. Fili ne shimfiɗe, ciyawa kamar wanzami ya bi ta. A gefe ga wani rami cike da farin yashi.

"Baba, anya nan daji ne? Ciyawar ta yi kyau da yawa."

"Tumaki ne suka kiwace ta. Ke da kika ƙare rayuwarki a asibiti, me kika sani?"

Nuruddeen ya hango wata 'yar tuta a tsakiyar fili, ya gane komai. Ya buɗe baki, ya tuna da wanda zai yi wa musu, ya rufe. Ba a gyara wa suruki zance.

Malam Wahid ya sauka ramin ya damƙi yashi. Ya ce haka suke yi da rani, a busasshen rafi suke kwana. Ba ƙaya, iska ta wuce ta samanka, maciji in ya zo ka ga sawunsa. Su suka kafa tantinsu a kan ciyawa, shi ya ƙi shiga. Ya yi Isha'i, ya shimfiɗa bargo a cikin yashi.

Gari na wayewa ruwa ya ɓalle daga ƙasa. Ba daga sama ba, daga ƙasa, yana juyawa yana feshi. Mufeeda ta fito da gudu, mayafinta ya jiƙe sharkaf, ta nufi ramin. Feshin bai kai can ba. Tsohon na kwance yana minshari, baki a buɗe, Asuba ta wuce shi. Wannan ne fa mutumin da tun zuwansa London take jin takunsa a falo kowane dare. Ta tsaya a kansa, ba ta tashe shi ba.

Wani ma'aikaci ne ya tashe shi, ya iso a 'yar mota da manjagara a hannu. Ya fara faɗa da Turanci, da ya ji abin da Mufeeda ke ce wa mijinta sai ya juya harshe zuwa Hausa.

"Haba Baba, filin golf ne fa nan. Ƙwallo ake bugawa."

"Kai ɗan ina ne?"

"Israel sunana. A Sabon Garin Kano aka haife ni."

"To ka san yashi. Taɓa wannan ka ji."

"Ni nake share shi kullum, Baba. Don Allah ku tattara kafin oga ya zo."

Malam Wahid ya ce sai ya rama sallarsa. Israel ya jingina da manjagara ya jira, sannan ya goge shatin bayan tsohon daga yashin.

Suka kamo hanyar gida har suka fara ganin jajayen bas. Nuruddeen na atishawa. A wata danja Mufeeda ta zuge jaka, ta miƙo katin ta baya ba ta waiwayo ba.

"Masallaci da kasuwa, Baba. Ban da can."

"Wa ya ce zan koma?"

Ya sa katin a aljihu. Lambar bas ɗin da ke bi ta gefen shingen kuwa, tun jiya ya riƙe ta. Bai iya karatu ba, amma lamba kamar lambar shanu ce, gani ɗaya yake mata.

Yanzu in ka same shi a shagon nama na Old Kent Road, zai gaya maka cewa mutum uku suka je, shi kaɗai ya dawo a bushe. Wanda ke ganin cika baki ne, ramin na nan. Ya ɗauki bargonsa ya je ya kwana, ya dawo ya faɗi gadon da ya fi shi a duk London.