Kwamfutar Baba Ɗangiwa

Wata huɗu na yi ina bin rugagen Kebbe a bayan babur, ina shigar da bayanan shanun da aka yi wa rigakafi a kwamfuta: sunan mai garke, yawan shanu, ranar allura. Ƙuguna har yau bai yafe mini ba. Da wannan bayani za a buga wa makiyaya takardun shaida kafin su tashi kudu. Duk yana cikin akwatin ajiyar bayanai na ƙungiyarmu, a ofishin Tambuwal.

Akwatin ɗaya ne, amma an raba cikinsa kashi-kashi. Ni ke riƙe da jerin da ke faɗin wace kwamfuta za ta ga wane kashi. Wadda ba ta cikin jerin, ko tana jone da akwatin, ba ta ma san kashin yana nan ba. Na Kebbe tawa ce kaɗai ke ganinsa.

Sai aka kawo wa shugabanmu, Baba Ɗangiwa, sabuwar kwamfuta. Aminin mahaifina ne, a gabansa na girma.

"Hamdiya, mi ya hana tawa ganin na Kebbe?"

"Baba, in biyu sunka hau kashi guda, ɓata shi za su yi."

"Ni za a rufe ma ƙofa cikin ofis nau? Dubawa ɗai nika yi."

A gaban mutane ya faɗa. Ni kuwa ba a koya mini musa wa uba sau biyu ba, ga gajiya ta ci ƙarfina. Na sa kwamfutarsa a jerin, na tafi sallar azahar.

Kwamfutar ta ga ajiyar da ba ta gane tsarinta ba, ta tambaya ko ta share ta sabunta ta. Baba kuwa duk abin da kwamfuta ta tambaye shi, "to" yake danna mata.

Na dawo na buɗe, wayam. Kwafi na biyu kuwa babu, tun bara kwamiti ke zama a kan maganar yin sa. Ko kuka ban iya ba, zama kawai na yi. Na yi wa Baba bayani a hankali: garke ɗari uku, babu ko ɗaya, ga mutane na jiran takardu jibi.

Ya dubi allon, sannan ya juyo.

"In haka abin yake, ɗiyata, don mi kinka buɗe min?"