Gashin Filam da Haƙoran Kawu Stoffel

Ƙanwata Elmarie ta yi shekara uku a Landan tana rainon 'ya'yan mutane, ta dawo garinmu Montagu a watan Janairu da akwati biyu da magana ta hanci. Kwananta biyu ta fara kallon kunun masarar da muke karyawa da shi kamar an dama mata siminti.

"Mama, har yanzu wannan kuke sha? Gobe ni zan yi karin kumallo. A can filam ake gasawa, a marmasa fulawa da bota da sukari a barbaɗa a kai."

Shekarar Mama talatin da ɗaya tana tantance filam, 'ya'yan itacen nan masu ƙwallo a ciki, a rumfar wata gona. Ta ce, "To, Baturiya."

Bishiyar filam ta bayan gidanmu har rassanta sun sunkuya don 'ya'ya, amma Elmarie ta ce waɗannan na tsuntsaye ne. Sai da na kai ta babban kanti a Robertson ta sayo sha biyu a roba, masu tauri kamar gwiwa. Mama ta juya robar ta karanta takardar jiki.

"Na gonarmu ne. Wataƙila ma ni na jera su."

Washegari Kawu Stoffel, yayan Mama, ya iso tun bakwai, don ba a taɓa kunna murhu a layinmu bai ji ba. Wata takwas ya jira asibiti kafin a yi masa haƙoran roba, kuma tun da ya saka su yake wa kowa murmushi, har karnuka.

Na leƙa kicin na ga Elmarie ta jera filam ɗin ɗungurungum a faranti.

"Ƙwallayen fa?"

"Yaya, ai ɗanɗanon a ƙwallon yake. Ba za ka gane ba."

Gaskiya ƙamshi ya cika gidan, saman ya yi ja yana tafarfasa ta gefe. Elmarie ta hana kowa taɓawa sai da ta ɗauki hoto. Kawu ya cika cokali ya kai baki.

Ƙas!

Ya daina motsi. Ya zaro hankici ya tofa: ga ƙwallo, ga haƙoran sama sun rabe biyu.

"'Yar nan," ya ce, iska na bin maganar, "su Turawan da haƙoransu suke ci, ko ajiyewa suke a gefe?"

Elmarie ta fashe da kuka. Ashe ba ta taɓa yin abin ba. Uwar ɗakinta a Landan ce ke ci ran Lahadi, ita kuwa a tsaye take cinye ragowar yara kafin ta wanke kwano.

Mama ta jawo farantin. Ta tsince ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ta ci cokali biyu.

"Saman ya yi. Share fuskarki ki ɗora wa kawunki kunu."

Sau uku Elmarie ta kai Kawu asibitin Worcester don gyaran haƙoran. Duk zuwa sai ya buɗe hankicin ya bi layi yana nuna wa marasa lafiya.

"Aikin 'yar ƙanwata ne. Ga ta can mai baƙin gilashi. Takanas daga Ingila ta zo."