Tayin da Bai Kai Kunnen Inna Uwani Ba

Garzali dillali na tsaye a bakin titi, yana kallon leburori suna ɓamɓare kwanon ɗakin Inna Uwani. Ko sati biyu ba a yi da ciniki ba Alhaji Shehu ya turo su. Shaguna zai zuba a wurin.

Ita kuwa tana zaune kan ƙullin kayanta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Da mijinta ya rasu magada suka matsa a sayar da gidan a raba, suka bar maganar ciniki a bakinta. Garzali ta kira, don shi ta sani tun yana rarrafe.

*

Mutum biyu ne suka taya. Bayan Alhaji akwai Muhibbat, wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗara shi da miliyan guda.

"Ka gaya wa Inna ta riƙe ɗakinta," in ji ta. "Ni a asibiti nake yini, yarana na buƙatar babba a gida."

Alhaji kuma gefe ya ja Garzali. "La'adarka ninki biyu, in dai ba ta ji wani tayin ba."

Sau biyu Garzali na kawo tayin Alhaji, Inna tana cewa albarka. A na uku ta ɗago ta dube shi.

"Garzali, ba wanda ya ƙara ko?"

"Kasuwa ta mutu, Inna. Shi kaɗai ne."

Ta jima tana murza bakin mayafinta. "To, na sallama."

A gaban shaidu ta faɗa, ba kuma a janye wannan kalmar.

*

Yanzu Darmanawa za ta, gidan ɗan ƙaninta, inda aka ce za a gyara mata ɗakin ajiyar kaya. Garzali ya tare mata a-daidaita-sahu, ya ɗora ƙullin. Ya buɗe baki zai gaya mata gaskiya.

"Inna..."

"Kar ka damu, ɗan nan, ka yi iya yinka." Ta yafito maƙwabciyarta da ta fito rakiya, ita ma bazawara. "Hauwa'u, in cinikin gidanku ya tashi shi za ki ba wa. Yaron nan ba ya cin amana."

Hauwa'u ta miƙo masa wayarta. "Sa min lambarka, Malam."

Ya karɓa. Ya sa.