Tabon da Tsumma Bai Goge Ba

Da a ce tsohon talabijin ɗin ya yi haƙuri ya ƙara ko da shekara guda, da Shaho bai shiga wannan tsaka mai wuya ba. Amma kayan lantarki ba su san mutunci ba. Ranar Laraba ya yi wata ƙara kamar an taka leda, hoton ya tattare ya koma ɗigo guda, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe bayansa ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce ko kuɗin dubawa ba zai karɓa ba, tausayi suka ba shi.

Shaho ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, saboda yakan karanto lambar mota tun tana can ƙarshen titi, sauran suna ta ƙanƙance ido. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar ɗaukar yara ta wata makarantar firamare, ko fenti bai taɓa gogewa ba. A gida kuwa shi ke zura wa matarsa zare a kafar allura, don ita tela ce, idonta ya gaji da wuri. Kuma ba ya yin shiru, sai ya haɗa da cika baki, wai da ido sana'a ne da tuni ya gina bene.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, wata biyar ke nan da wani tabo ya zauna masa a tsakiyar idon dama. Tabo mai duhu-duhu, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan madubi. Duk abin da ya kalla, tabon na bisa kansa. Sai ya koyi dabara: ya ɗan runtse na dama, ya karkata kai, ya bar wa na hagu aikin. Na hagun garau yake, shi ne jarinsa. Hanyar makaranta kuwa ya haddace ta, kowane rami da kowace kwana. Ya rage gudu sosai, har shugabar makaranta ta yaba masa a gaban iyaye, ta ce a yi koyi da natsuwarsa. Ranar ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba. Allura ma ya daina taɓawa. Kullum aka miƙo masa sai ya ce hannunsa da baƙin mai.

Ya san in ya buɗe baki za a karɓe makulli, ba gardama. Mutum mai shekara hamsin da uku, ban da sitiyari bai iya komai ba. Ya kuma san abin da yake ɗauka a motar nan kowace safiya. Tsoron biyun ya sa shi a tsakiya, sai ya zaɓi shiru, yana gaya wa kansa cewa ido ɗaya ma ido ne.

Ranar Asabar matar ta ce su je su sayo sabon talabijin. Kuɗin nata ne, na ɗinki, ta daɗe tana tarawa don ta sa wa keken ɗinkinta injin lantarki, gwiwoyinta su huta da taka feda. Ta ce in an sami mai sauƙi, abin da ya rage zai isa injin. Ya yi ta kame-kame, wai ta je da ƙanwarta, shi yana da wankin mota. Ta ce ita da ƙanwar tata duk makafi ne a kansa, ina amfanin ajiye shaho a gida in ba zai zaɓa musu hoto ba? Haka ya ɗauko motar makaranta, wadda ke kwana a ƙofar gidansa, suka tafi.

Shagon dogo ne, siriri, ba taga. Talabijin sun cika bango tun daga ƙasa har sama, duk suna nuna abu guda, wasu kifaye masu launi suna yawo cikin ruwa. Fanka ɗaya ce, tana juya zafi kawai. Suna shiga masu sauke kaya suka jibge kwalaye a bakin ƙofa, har sai mutum ya karkace zai iya fita. Shaho ya waiwaya ya dubi ƙofar, ransa bai so ba.

Mai shagon irin mutanen nan ne da bakinsu ba ya hutawa. Kafin su gama gaisawa ya riga ya ware musu guda biyu, girmansu ɗaya, ya jera su kafaɗa da kafaɗa a kan tebur. Na hagu mai araha, na dama ya kusan ninka shi kuɗi. Ya ce mai arahar ba shi da laifi, sai dai baƙinsa toka-toka ne, kuma in ka zauna daga gefe launin yakan koɗe. Mai tsadar kuwa baƙinsa baƙi ne ƙirin, in ana ƙwallo ba ya barin inuwa a bayan 'yan wasa, har gumin goshin mai tsaron gida za ka ƙirga. Matar ta leƙa takardar farashin, ta ce ita dai duk kifi take gani.

"Baban Auta, kai ne mai ido," in ji ta. "In bambancin ya kai a biya, a biya. Injin ya jira."

Nan fa ta ɗora masa dutse a ka ba ta sani ba. Ta kuma juya tana ba mai shago labarin lambar mota da kafar allura, tana yi tana dariya, da alfaharin da ya fi zagi ciwo. Mai shago ya ce yau ya gamu da gwani, ya ja baya ya ba shi wuri.

Shaho ya matsa. Ya rungume hannu, ya karkata kai, ya runtse idon dama yadda ya saba, abin ya yi kama da ƙwarewa. Gaskiya bambancin da ya gani bai taka kara ya karya ba. Ya yi niyyar ya ce a ɗauki mai araha, a wuce wurin, ita ta sami injinta, shi ya sami iska. Har ya buɗe baki.

Sai mai shago ya ce a dakata. Shi yana da ƙa'ida: ba ya ɗaure wa mutum talabijin sai ya mayar da fuskarsa fara fat, mai saye ya duba da idonsa ya tabbatar ba ɗigo ba tabo, don kada gobe a dawo masa da rigima. Ya danna rimot. Kifayen suka ɓace, mai arahar ya koma fari tas kamar sabon zanen gado.

A tsakiyar farin nan, ɗan sama kaɗan, Shaho ya ga tabo. Ƙarami, bai wuce ƙwayar wake ba, gefensa a dishe. Idonsa na dama a rufe yake ruf, don haka bai yi shakkar komai ba. Wani daɗi ma ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ga shi dai har yanzu shi ne Shaho, ya gano abin da mai shago bai gani ba. Ya ɗora yatsa a wurin, ya ce da ƙarfi wannan ai mai tabo ne, shi ya sa aka karya kuɗinsa.

Mai shago ya ɓata rai. Ya ɗauko tsumma ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Ya ce shi bai ga komai ba. Matar ta sa tabaronta ta kusan manna hanci da gilashin, ta ce ita ma haka, amma in Baban Auta ya ce akwai, to akwai. Masu sauke kaya biyu suka bar aikinsu suka zo kallo, suka tsaya a bayansa, hanyar fita ta ida toshewa. Shaho ya dage, har yana cewa a daina raina wa mutane hankali.

"To yallaɓai, ga mai tsadar," in ji mai shago a sanyaye. "Duba mana shi."

Ya danna. Na daman ma ya yi fari.

Tabon na nan. Wuri ɗaya, girma ɗaya. Shaho ya kai idonsa kusurwar gilashin, tabon ya bi shi. Ya kai kan bango, ya bi shi. Ashe ba talabijin ba ne, idon hagun ne ya fara, jarin nasa guda ɗaya. Kifaye da launuka sun ɓoye masa shi, titi da hayaniya sun ɓoye masa shi, farin gilashi ne kawai bai iya rufa asiri ba.

Mutum huɗu suna jiran bakinsa. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe: ya ce wannan garau yake, a ɗaure. Mai shago zai ji daɗi, masu kallo su watse, sunansa ya tsira. Matar za ta zazzage jakarta kaf ba tare da ta ce uffan ba, ta koma ta ci gaba da taka feda da gwiwoyin da take shafa wa man zafi kowace yamma. Shi kuma ranar Litinin ya tada mota. Kullum kuma zai zauna a falo gaban abin da ya saya da ƙarya, yana kallon tabonsa a kai.

Ya ji ƙarar zif. Ta riga ta fara buɗe jakar. Ko tambayarsa ba ta yi ba, ta gama yarda tun kafin ya yi magana. Wannan yardar ce ta karya shi. Ya juya ya dube ta, sai ya ga tabon ya sauka daidai kan idonta, ya shafe shi.

"Rufe jakar," ya ce. "Yana nan ma."

Mai shago ya ɗaga tsumma zai fara rantsuwa. Shaho ya tsayar da shi da hannu, ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce kayansa lafiya lau suke.

"Yana kan duka biyun. Yana kan bango. Yanzu haka yana kan fuskarki."

Masu sauke kaya suka sulale suka koma ga kwalayensu. Matar ta cire tabaro a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, kallonsa kawai take yi, yana ganin rabin fuskarta tana haɗa lissafin allurar da aka daina zurawa da baƙin man da ba ya ƙarewa a hannu. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya gaya mata, na dama wata biyar, na hagu yanzu ya sani.

"Yara nawa kake ɗauka?"

"Ashirin da biyu."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa hannunsa. Can ta juya ga mai shago ta ce a ɗaure mai arahar, ita ta gani da idonta ba shi da tabo. Abin da ya rage ta mayar cikin jaka. Ba ta ambaci inji ba, sai ta tambayi mai shago ko asibitin ido yana buɗewa ranar Asabar. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya amsa da kalma biyu, ya rage musu wani abu a kuɗin ba a roƙe shi ba.

Aka janye kwalaye, aka fitar musu da kayan. Motar makaranta na tsaye a rana, kujerunta ƙanana a jere, wani yaro ya manta gorar ruwansa a jikin taga. Shaho ya zaro makulli don sabo, ya tsaya riƙe da shi. Daga nan zuwa gida kwana huɗu ce kacal a titin, kuma duk ya san su. Matar ba ta ce kada ya tuƙa ba. Ta dai buɗe jakarta ta riƙe a gabansa.

Ya saka makullin a ciki, ya faɗa tsakanin zare da allurai. Ta ja zif, ta ɗaga hannu ta tsayar da tasi.